Ƙulli a Bakin Waya

Litinin, 8 ga Yuli

Kwana goma sha huɗu ke nan da motar haya ta kife da su Baban Husna a hanyar Tsafe. Masu zuwa gaisuwa sun fara raguwa. Inna ta taso daga 'Yandoto, ta ce ba inda za ta sai na fita takaba, gonar ma ta bar wa Allah da ƙannena. Husna tana gidan kakanninta na wajen uba, can ƙasan layinmu a nan Tudun Wada.

Ina cin abin da aka miƙo mini, ina amsa abin da aka ce. Mata suna ta yaba mini wai na yi tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Ban ji komai ba ne kawai, kuma ba wanda zan iya faɗa wa haka.

Laraba, 10 ga Yuli

Akwatin aikinsa yana nan a kusurwar falo inda ya jingine shi. Ranar bai tafi da shi ba, duba wuri kawai ya je yi. Baƙi ne, mai taya biyu da hannun ja. Sama wurin rauta ne da sauran na'urorin da yake haɗa wa makarantu da asibitoci intanet da su, ƙasa kuma durowa uku. Shekara bakwai ina share ƙarƙashinsa, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Yau na buɗe. Hannuna ne ya rasa abin yi.

Ta sama: filaya, sukudireba, salatif, kawunan waya a cikin robar man shafawata da na nema na gaji tun bara. Ta tsakiya: wayoyi shuɗɗa da masu ruwan toka, a naɗe tsaf. Ta ƙasa kuwa, Allah ya jiƙan mai ita. Wayoyi a cakuɗe kamar an zubar da taliya, kowace da ƙulli a bakinta, ga ɓawon gyaɗa, ga wata 'yar na'ura mai fitilu a can ƙuryar. Haka yake da igiyar shanya ma, ba ya ɗaura abu ya bar shi da kyan gani. Na sha yi masa tsiya a kan haka, sai ya yi dariya ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na zauna a tabarma na kwance ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya. Na goge kowace da tsumma, na naɗe, na sa mata roba, na jera su tare da 'yan uwansu a durowar tsakiya, gajeru gaba, dogaye baya. Shuɗɗa dama. Ta ƙasa na kakkaɓe ta na bar na'urar ita kaɗai. Daga hantsi har la'asar. Inna ta leƙo sau biyu, na biyun ta ce, "Wanga aiki dai ya hi zaman tagumi," ta koma.

Na duba durowar bayan na gama, ta yi kyau. Iyakar abin da na ji ke nan.

Lahadi, 14 ga Yuli

An yi ruwa. Ban tare ba.

Talata, 16 ga Yuli

Lukuman ya zo, ƙanin Baban Husna mai shagon gyaran waya. Da can ba ya shigowa gidan nan sai ya tsokane ni, ya ce miyata ba gishiri, in ce masa tuzuru bai san gishiri ba. Yanzu a bakin ƙofa yake tsayawa, kansa ƙasa, "Anti ina kwana, ya haƙuri," ni kuma ina bayan labule.

Ya ce akwai aikin da Yayansa ya bari bai ƙarasa ba, wani ƙaramin asibiti a gefen Nahuce. An ɗora faifan kamo intanet a kan rufi, an kafa rauta, saura a ja waya zuwa ɗakuna shida. Da shi za su riƙa tura bayanan masu awo da na rigakafi, maimakon mutum ya hau mashin da takardu har Bungudu. Ya ce zai ƙarasa, don kada a ce an bar aiki a hanya. Na ce ya ɗauka. Na ji ƙarar tayoyin a kan siminti har ya fita zaure.

Kusurwar ta yi fili. Na share wurin.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ya dawo da akwatin kafin la'asar, hanyar nan kowa ya san ba a yin yamma a kanta. Ya ce ya ja wayoyin duka, amma ɗaki biyu ne kawai suka kama, ɗaya yana kamawa yana saki, uku shiru. Yana zargin rauta. Ya kwance ta ya taho da ita shago ya gwada.

Na ce Allah ya sa a dace. Ban ma tambaye shi ko ya sha ruwa ba, sai da Inna ta harare ni.

Asabar, 20 ga Yuli

Rauta lafiyarta ƙalau. Ya sake komawa, ya sake dawowa. Haka dai.

Lahadi, 21 ga Yuli

Wata Jamila ta kira wayar Baban Husna, na ɗauka ba tare da na yi tunani ba. Ita ce ungozomar asibitin. Ta yi mini gaisuwa mai tsawo, ta ce mutumin kirki ne, ranar da ya hau rufinsu har yaran unguwa ya saya wa rake. Sannan ta yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe dai ta fito da shi: shugabansu ya ce in intanet ɗin bai tashi ba zuwa ƙarshen wata, zai kira wani daga Gusau ya ciccire komai ya sake sabo. Kuma akwai masu cewa, ba ita ba, wai dama marigayin tsofaffin kaya ya kawo musu.

Na ce na gode da ta faɗa mini.

Mutumin da zai koma Tsafe a kan ƙusa ɗaya da bai gamsu da ɗaurinta ba. Tsofaffin kaya. Na so in ji haushi, na nemi haushin, ban same shi ba. Abin da ya bari a garin nan sunansa ne da Husna, ba gida ba gona. Yanzu ana taɓa sunan kuma ba ya nan balle ya amsa.

Litinin, 22 ga Yuli

Lukuman a bakin ƙofa, yana magana da Inna, ina ji daga ciki. Ya ce ya rasa inda gizo ke saƙar. Inna ta ce ko wayoyin ne. Ya ce ai ba zai yiwu ba, ya san tsarin Yaya tun yana binsa aiki lokacin hutu: abin da ke durowar tsakiya an gwada shi, ɗauka kawai za ka yi. Wadda ta mutu kuwa ƙulli yake mata a baki ya jefa ta ƙasa, sai ya samu sarari ya yanke kan ya sa sabo. "Na duba ta ƙasa, Inna, ba ko ɗaya. Na ce ashe Yaya ya gyare su duka kafin ya tafi."

Inna ta juyo ta dubi labulen. Ta san abin da ta gani ranar Asabar ɗin can.

Ina riƙe da carbi. Na ci gaba da ja. Na ji ya yi sallama ya tafi, ban ɗaga labule ba.

Shekara bakwai ina ganin ƙullin nan a bakin wayoyi, a aljihunsa, a kan kujera, ina ce masa ƙazami. Bai taɓa faɗa mini ba. Ban taɓa tambaya ba.

Talata, 23 ga Yuli

Ban faɗa ba.

Inna ta ajiye mini koko ta ce, "Ɗiyata, abin da hannu ya kwance baki ka ɗaure shi." Na ce kaina ke ciwo. Ƙarya ce, ba abin da ke mini ciwo.

In na yi shiru za a cire aikin, a ce laifinsa ne, kuma ba wanda zai taɓa sani sai ni da Inna. In na faɗa, dangin miji za su ji cewa matarsa ta sa ƙaninsa ya bi hanyar Nahuce sau biyu a banza, hanyar da uwarsa ba ta iya zama in yana kanta. Tsohuwar da ba ta gama kukan ɗaya ba. Na auna wannan na auna wancan, kamar lissafin wasu mutane nake yi.

Laraba, 24 ga Yuli

Na aika aka kira shi. Na faɗa masa daga bayan labule, tiryan-tiryan, har da robar da na sa musu. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Na zaci tafiya zai yi. Can sai na ji ya ja numfashi ya ce, "To Anti, ashe ke ce injiniyar da ta kashe asibiti guda daga kan tabarma." Ya ɗan yi dariya, ta maƙale masa, ya share hanci. Wannan ce tsokanarsa ta farko tun ranar. Ban rama ba, amma na lura.

Ya ce zai ɗauki akwatin ya gwada wayoyin a shago. Na ce a'a, shagonsa ya sha rufewa saboda ni. Na ce ya dai nuna mini yadda ake gwadawa. Sai ya miƙo wa Inna, Inna ta miƙo mini. 'Yar na'urar nan ta durowar ƙasa, testa sunanta, batirinta ne ya mutu, ya sa sabo. Tana rabuwa biyu, a soka bakin waya ɗaya nan, ɗaya can. Fitilu takwas za su bi juna a jere. In ɗaya ta tsallake, wayar ta mutu. Ya ce in riƙa lanƙwasa wuyan wayar ina kallo, akwai munafukai masu kawo takwas sai an taɓa su.

Da ya tafi na kira Jamila da kaina. Na ce ta faɗa wa shugabansu, kuma ta faɗa wa masu maganar, kayan Malam ba tsofaffi ba ne, matarsa ce ta haɗa matattun wayoyi da masu rai don ta ga durowa ta yi kyau. Ta ce haba, ba sai an faɗi haka ba. Na ce a faɗa haka, da sunana, Rabi. Ta ce za ta roƙa kada a taɓa komai kafin ƙarshen watan.

Alhamis, 25 ga Yuli

Talatin da bakwai ne a durowar. Na baje su a tabarma. Ɗaya, biyu, uku, har takwas. Mai rai dama, matacciya hagu. Wasu tun kafin in soka nake gane su, wurin ƙullin bai gama miƙewa ba duk gugar da na yi masa. Munafukai uku na kama. Kowace sai da na gwada ta sau biyu, don ban yarda da matar da ta shirya durowar nan ba.

Masu rai ashirin da huɗu. Na mayar da su tsakiya. Matattu goma sha uku na tara su a cikin kwando na tura ƙarƙashin kujera, ban san me zan yi da su ba tukuna.

Inna ta ce na cinye tuwona yau. Ban lura ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Ya tafi da sassafe. Na zaɓar masa dogaye shida na ɗaure su daban, na sa testa a durowar sama inda hannu zai fara kaiwa. Na ce duk wadda ya ciro daga bango ya dawo mini da ita, kada ya haɗa da sauran.

Na yi wanki. Na yi walaha. Na zauna. Wayar tana kan cinyata.

Wajen azahar saƙo ya shigo, daga Jamila. Ta ce da intanet ɗin asibitin take turo mini, daga ɗakin awo, ɗakuna shida duk sun kama. Ta ce shugabansu ya tsaya a gaban ma'aikata ya ce aikin Malam Abdulƙadir ba shi da aibu, Allah ya jiƙansa. Haka ta rubuta sunan, cikakke. Ni ko a takarda ban saba rubuta shi ba.

Na karanta wa Inna. Ta ce alhamdu lillahi ta shafa. Na ce alhamdu lillahi. Lukuman ya iso lafiya kafin la'asar, ya ajiye mini huɗu a leda a bakin ƙofa, ya ce ga gawarwakina nan.

Litinin, 29 ga Yuli

Na jawo kwandon. Da huɗun Lukuman sun zama goma sha bakwai. Ba za su zauna haka ba alama, wani ya zo ya ga waya mai kyan gani ya ɗauka.

Na ɗauki ta farko na yi mata ƙulli. Sau ɗaya, sako-sako, kamar kamu guda daga kan. Ban tsaya tunani ba, haka hannun ya yi, kuma da na duba irin nasa ne sak. Ashe duk tsiyar da nake masa ina kallo.

A ta tara ne fitilar falon ta fara yi mini dishi-dishi. Na goge ido na ci gaba, ya sake cika. Inna ta shigo da tsintsiya, ta tsaya, ta ajiye tsintsiyar ta zauna kusa da ni. Na ce mata ƙurar durowar ce. Ta gyaɗa kai ta ce awo.

Mun daɗe a haka. Sauran takwas ɗin sai bayan la'asar na iya ƙulla su.

Na zuba su a durowar ƙasa. Ban jera ba.