Farantin da Na Fasa a Silima

Scranton, 3 ga Nuwamba, 1937

Zuwa ga Tadek, hasken idona, furen tuffana, ranar da ke narkar da ƙanƙarar zuciyata,

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na tsani fim ɗin nan. Sau uku na zauna kusa da kai muna kallon attajirin nan na zamanin kakanninmu yana sayen layin dogo, yana neman kwashe zinariyar ƙasa duka, ni kuwa gefen fuskarka kawai nake kallo. Kai fa? Ko sau ɗaya ka waiwayo?

Ka tuna Larabar da ta wuce da rana, ranar da ake bai wa kowace mace faranti kyauta a ƙofar silima? Mama ta ce in riƙe shi da hannu biyu, shi kaɗai ya rage saitinta ya cika. Ana tsakiyar fim ka matso har numfashinka ya taɓa kunnena. Zuciyata ta tashi kamar tsuntsuwa a cikin hannu, na ce yau zai faɗa min yana sona! Farantin ya suɓuce, ya tarwatse, mutane suka hau tafi kamar yadda suka saba idan faranti ya fashe. Matar Wozniak mai burodi ta ɗaga murya daga baya wai “A kawo wa amarya tsintsiya!” Na so ƙasa ta tsage in shige. Me ka raɗa min? Wai in lura da yadda attajirin ya yaudari masu banki!

Haba Tadek! Ba ka ga yadda ya ƙare ba? Jama'a na jifan gidansa, matar da ke sonsa ta tafi. Ni da na tsaya a firamare na gane, kai mai karatu ka kasa? Yanzu kana cewa ran Litinin za ka bi kawunka New York ka zama irin attajirin fim ɗin. Kai ne ruwan kogina. Idan ka janye me zai rage banda duwatsu? Ka zauna, ko ka faɗi kalma ɗaya da zan riƙe.

Ka ce in zo tasha in yi maka rakiya. Ba zan zo ba. Ban iya ɗaga wa abin da nake so hannu ba. Na karɓi aikin safe a masana'antar ɗinkin riguna tun daga Litinin, ƙarfe bakwai, daidai lokacin tashin jirgin ƙasanka. Zan ji kukansa daga kan keken ɗinki.

Taka, ko ka dawo da arziki ko da jakarka kaɗai,
Bronia