Kwalbar da ka aiko ta ci rumbun Barmo

Daga Falanko, bayan girbi, shekarar hijira 1346.

Zuwa ga ɗana Yahuza, mai wanke kwalabe a gidan likita a Yamai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da ruwan kogin nan da kuke sha. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwoyina. Mahaifiyarka Sakinatu tana nan da ƙarfinta da bakinta, ƙanwarka Zalika ta fara saƙar faifai, gero kuma ya yi daidai gwargwado. In ka ga rubutun yana tangaɗi, ka san hannun ubanka ne, wanda ya bar makarantar allo tun malam bai gama sanin sunansa ba.

Bayan haka, ina da tambaya, kuma ba na son amsar 'yan lakwal masu karatun Nasara. Kwalbar nan mai tumbi kamar ƙwarya, wadda ka aiko da ita hannun fatake, ka san halinta ko ba ka sani ba? Mahaifiyarka ta ɗauke ta abin alfarma. Kullum sai ta cika ta da ruwan da ya kwanta ya yi garau, ta ɗora kan turmi a rana don ya yi ɗumi in yi alwalar azahar, saboda gwiwoyin nan. Turmin kuwa yana jikin dangar da ta raba mu da maƙwabcinmu Barmo, inda ya jibge harawarsa. Ran nan da tsakar rana harawar ta kama wuta, ta haɗa da rumbunsa. Sakinatu ta ruga ta ceci kwalbarta kafin ta tuna da akuya.

Ba a hura wuta a ko ɗaya daga gidajen biyu a lokacin ba, don haka gari ya shiga neman mai laifi. Ka tuna Hamma, Bafulatanin da ke kawo shanunsa kowace kaka su ci kara su bar mana taki? Kwana ɗaya kafin gobarar sun yi cacar baki da Barmo a bakin rijiya kan wanda zai fara shayarwa. Shi ke nan. Wani ya ce ya ga Hamma ya bi ta bayan danga, wani ya ce har da garwashi a kasko. Mai gari ya sa aka tsare shi, ya ce ranar kasuwa za a miƙa shi barikin Tanut wurin kumandan, Baturen mulki, kuma ka san wanda aka kai can, shanunsa ba sa jiran dawowarsa. Ni ma na zarge shi, da murya mai ƙarfi ma, don ba na son a riga ni.

Ana cikin haka ina zaune gefen turmi, kwalba na kai cike da ruwa, na miƙe ƙafa, sai na ji an soke ni a ƙauri. Na zargi kunama, na zargi Zalika, na zargi mutanen ɓoye. Da na duba sai ga ɗan ɗigon haske kamar ƙwayar gero a kan wandona, yana hayaƙi. Na sa hannu tsakanin rana da kwalba, ya ɓace. Na janye, ya dawo. Na zubar da ruwan, babu komai sai faɗan mahaifiyarka. A nan na tuna surutun da ka taɓa cika mana kunne da shi, wai haske tafiya yake a miƙe kamar kibiya, amma in ya ratsa ruwa ko gilashi sai ya karkata. Ashe tumbin kwalbar nan tattaro hasken yake daga ko'ina, ya kora shi wuri guda kamar shanu a kwamin shayarwa, zafin duk ya taru a ɗigo ɗaya. Ranar da ka faɗa dariya na yi maka. Har yanzu ban janye dariyar duka ba.

Na je gaban mai gari da kwalba da damin harawa. Zalika ce ta cika min, da ruwan rijiya jawur kamar kunun kanwa, ni kuma don ɗoki ban kula ba. Na durƙusa ina juya kwalba, harawa ta ƙi ko da tari. Barmo ya ce Hamma ne ya saye ni da nono. Mahaifiyarka, wadda ba ta taɓa tsayawa ƙofar mai gari ba, ta zo da ruwan randarta garau, ta ce in matsa tunda ko cika kwalba ban iya ba. Ba a daɗe ba hayaƙi ya tashi, sai wuta. Liman ya ja da baya, ni ma na ja, ko da yake ni na kawo abin.

An saki Hamma. Zargin kuma bai mutu ba, gida ya sake. Yanzu cewa ake Nasara sun ɗaure aljanin wuta a cikin kwalbar suka ba ka ka aiko, wasu ma sun ce ni na roƙa. Na buɗe rumbuna na raba da Barmo, ya karɓa bai dube ni ba. Shi ya sa nake tambaya: likitan naku kyauta ya ba ka kwalbar, ko kuwa ya san dalilin da ya sa yake son rabuwa da ita? Kuma madubin da ka haɗo wa Zalika, shi me yake ci? Na sa an kife shi cikin tukunya sai na ji daga gare ka.

Da Hamma zai tafi ya tsaya a ƙofata. Na zaci godiya ce. Sai ya ce, “Mailafiya, da wandon wani ne ya ƙone ba naka ba, da yanzu ina Tanut.” Ya kora shanunsa zuwa ƙasar Tarka, bana gonakin Falanko ba su ga taki ba, har da tawa.

Ka gai da kawunka Jibrin da matarsa Raliya, da Audu mai masaukinka. Sakinatu ta ce ka ci abinci, kada kuma ka sake aiko da abin da ke ƙyalli.

Ubanka, mai alwala da ruwan sanyi,
Mailafiya