Littafinku Ya Ce Na Mutu a Rijiyar Gawo

Zuwa ga mai girma Kumandan da ke riƙe da littattafan ƙidayar ƙasarmu,

Gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Isuhu ɗan Audu, marini a Matameye. Da ajami na rubuta wannan takarda, na roƙi tafinta ya juya maka ita. Na kuma ba da a karanta ta ranar kasuwa, ko Allah zai kai ta kunnen wanda ya san abin da nake nema.

Ranka ya daɗe, a Rijiyar Gawo aka haife ni, wani ɗan ƙauyen manoma kusa da Tsauni. Ina da shekara biyar babbar yunwa ta zo. Uwata ta goya ni, ta bi masu gudu zuwa ƙasar Daura wurin wanta. Ta bar mahaifina da kakana da yayata Hajara, a kan za su biyo mu in tsoho ya sami ƙarfin tafiya. Ba su biyo mu ba. Fuskar Hajara ta ɓace mini, amma har yau in gero ya nuna nakan ji muryarta tana korar tsuntsaye.

Bara da damina uwata ta rasu. Duk rayuwarta ba ta taɓa faɗin sunan surukinta, wato kakana, ba, saboda kunya. Baba kawai take cewa. Ranar da za ta cika na tambaye ta sunansa, sai ta juya fuskarta bango, ta ce, "Ka je ka nemo Hajara."

Na je. Kufai na tarar: kuka guda, rijiyar da ta rufta, da duwatsun niƙa a cikin ciyawa. Mai noman wurin baƙo ne, bai san kowa ba. Ya ce in yana huɗa yakan tono kasko, wani lokaci ƙashi, sai ya mayar ya rufe. Na tsaya ban san inda zan fuskanta in yi wa nawa addu'a ba.

Wani tsoho a Kurni ne ya faɗa mini cewa kafin yunwar Bature ya zo ya rubuta mutane gida-gida, ya sake dawowa bayanta. Da yawa sun ɓuya cikin dawa, amma mahaifina ya tsaya ya faɗi sunan kowa. Wannan ne ya kai ni ƙofar bironka, wato ofishinka, kuma ga kukana.

Na farko: zuwa biyu na yi, mai tsaron ƙofa yana korata, wai littafin ba na talaka ba ne. Da aka zo rubuta mu, ai talakawan aka tarar.

Na biyu: a zuwa na uku marubucinka ya tausaya, ya ciro littafin daga ƙasan wani akwati. Gara ta ci gefensa. Ya karanta mini, "Audu ɗan Bar," ya tsaya, don sauran sunan yana cikin cikin gara. Barmo ne? Bara'u ne? Barau ne? Tun ranar nake juya sunayen nan uku a bakina, ina jiran wanda zuciyata za ta amsa. Matata tana da ciki, kuma na yi niyyar in namiji ne in mayar masa da sunan kakana.

Na uku: a gefen sunan mahaifina da na kakana da na uwata akwai jan layi, alamar mutuwa. A gefen nawa ma akwai. Marubucin ya dube ni, ya dubi littafin, ya matsa baya. Ban san wanda ya ba da shaidar mutuwata ba. Ina tsoron Hajara ce, don ita kaɗai ce ba a ja wa layi ba. In ita ce, shekara ashirin ke nan tana yi wa ƙanenta addu'ar matattu, ni kuwa ina nan hannuna cikin baban rini.

A gefen sunanta an rubuta garin da ta koma. Marubucin ya sa yatsa zai karanta, sai ya ji takun takalminka, ya rufe littafin, ya tura ni waje. Na bi shi har gida, ya rantse bai gama ganin kalmar ba, kuma ba zai sake buɗewa ba sai da izininka. Kada a hukunta shi. Shi kaɗai ya ji tausayina.

Roƙona shi ne ka ba da izini a karanta mini layin Hajara, kalma ɗaya ce. A goge jan layin da ke kaina. A kuma ɗaga littattafan nan daga ƙasa, don ba ni kaɗai yunwa ta raba da nasa ba, kuma gara ba ta jiran izinin kowa.

Ku kuma 'yan kasuwa, duk wanda ya san wata Hajara 'yar Audu, mutuniyar Rijiyar Gawo, ya gaya mata Isuhu bai mutu ba. Yana marinar Matameye, kuma uwarmu da sunanta a baki ta cika.

Allah ya ba ka lafiya da adalci, ya mayar da kai ƙasarku ka tarar da kaburburan iyayenka inda ka bar su.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Isuhu ɗan Audu, marini, Matameye.