Ka Bar Sifana a Gida

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da ke kashe min ƙishi, maigidana baban yarana, mai gyaran famfon da babu na biyunsa,

A cikin akwatin kayan aikinka na saka takardar nan, don na san nan ne kaɗai idonka ba ya tsallakewa. Da a kan matashinka na ajiye ta, wallahi sai ta shekara.

Albishirinka, na gama shirya mana tafiyar ƙarshen mako zuwa tsohon birnin nan na bakin kogi. Yayata ta yarda za ta riƙe yara, bayan ta gama yi min tsiya wai tsofai-tsofai da mu za mu yawon buɗe ido. Na kama mana ɗaki mai taga tana kallon ruwa. Za mu hau doguwar hasumiya, mu taka gadar dutse, mu shiga kwalekwale da yamma, lokacin da rana ke zuba ja a kan kogi. Wayyo, zuciyata har ta riga ni isa!

Amma fa ina jin tsoro, kuma kai ne tsoron nawa.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni gidan cin abinci? Ka tsare ni da idanun nan naka masu narkar da mutum, ka ce akwai maganar da ta daɗe tana cin ranka. Na sunkuyar da kai ina jira. Ina ɗagowa na ga ka karkata kunne kamar zakaran da ya ji motsi. Ashe famfon wanke hannu ne ke ɗiga a bayan labule. Ka ce yanzu za ka dawo. Abincina ya huce, naka ya huce, na ƙare a tsugune ina haska maka tocila. A can ƙarƙashin kwanon wanke hannun ka nemi aurena, ni kuwa ƙafafunka na amsa wa.

To, birnin nan kaf ɗinsa tsofaffin bututu ne. Mai masaukin ma da alfahari ya gaya min a waya cewa tun zamanin kakansa ba a taɓa na gidan ba. Saura kaɗan in fashe da kuka. Ina zan sa kaina, ni da kishin gari guda?

Don girman Allah, abin ƙaunata, ka bar sifana, ƙarfen nan naka na kwance famfo, a gida. Har ƙaramar nan da kake ɓoyewa a cikin safa, kada ka ɗauka ban sani ba. In famfo ya ɗiga, ya ɗiga. Ya yi ta yi tun kafin a haife ka, bai kuma ci garin ba.

Ba hasumiya nake marmari ba, ba kogi ba. Na yi kewarka ne, alhali kullum a ɗaki ɗaya muke kwana. Tun da aka haifi auta ban ƙara gama ba ka labari ba tare da wani ya kira ka ba. Ina so ka zauna kusa da ni hannunka babu komai sai nawa.

In kuwa sai abu na yoyo kake waiwayarsa, ka faɗa min tun da wuri. Idanuna ma sun iya, riƙe su kawai nake yi.

Taka har numfashin ƙarshe, ko da daga ƙarƙashin kwano za ka amsa,
Maman yara