Baba ya hana ni komawa filin harbi

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah ka ɓoye sunana. Ku ba ni shawara, don raina a ɓace yake, ban ma san da wa zan fara fushi ba.

Ni mace ce, a Nima aka haife ni, ɗaya daga cikin unguwannin baƙi da ake kira Zongo, ina sayar da atamfa a kasuwar Tudu. Babana tsohon ɗan sanda ne, ya yi ritaya yana cin fansho, babansa ma soja ne tun zamanin Turawa, ka ga maganar bindiga ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Bara wata kwastomata ta ja ni zuwa kulob ɗin da suke wasan harbi da bindigar iska ta hannu, wadda ake saka wa ɗan ƙaramin harsashin dalma a harbi takarda daga nisan mita goma. Kallo na je yi, sai kocin wurin ya ce in gwada. Tun daga ranar duk Asabar sai in bar wa ƙanwata shago in hau trotro, motar haya, in tafi.

Abin ba sauƙi kamar yadda ake gani. Koci ya koya mini in tsaya a karkace, ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, in miƙa bindiga da hannu ɗaya, ɗayan hannun a aljihu. Ya ce ido a kan saitin gaba na bindiga zai tsaya, ita takardar a bar ta ta yi dishi-dishi, wannan ya fi komai ba ni wahala don zuciya tana son kallon inda za a harba. In ja numfashi, in saki rabi, in riƙe, sannan in matsa kunamar bindiga a hankali har ta tashi ban shirya mata ba, kuma kar in sauke hannu nan take. In hannu ya fara rawa, a sauke a sake ɗagawa, ba dole. A gida kwalbar ruwa nake ɗagawa ina saita wani ɗigo a bango, maƙwabta suna dariya, kafaɗata tana ciwo, ban damu ba. A da harsasaina a warwatse suke a takarda, yanzu sun fara taruwa wuri ɗaya, har koci ya saka sunana a gasar 'yan koyo da za a yi ƙarshen wata.

Da na gaya wa Baba ya ji daɗi sosai, ya ce jinin gida ne, zai bi ni ya gani. Da na sani da ban yarda ba. Ina tsayawa ya fara magana daga bayana, wai wa ya taɓa ganin ana harbi da hannu a aljihu kamar mai jiran mota, in kama da hannu biyu, in daina ɓata lokaci. A wurin nan ba a ɗaga murya idan mutane suna saiti, kowa ya juyo yana kallonmu. Na ce Baba ka yi haƙuri, dokar wasan ce haka. Bai saurare ni ba, ya tsallako layi ya karɓe bindigar daga hannuna zai nuna mini, kuma da harsashi a ciki, sannan ya juya da ita yana yi wa koci bayani, bakinta yana kallon mutane. Wata mata sai da ta durƙusa. Koci ya daka masa tsawa ya ce ya ajiye, kuma wallahi a nan koci yana da gaskiya, abu na farko da ake koya wa kowa shi ne bakin bindiga ba ya barin wajen takarda.

Da koci ya tsaya nan da ba ni da magana. Amma bayan ya karɓi bindigar sai ya ce da Turanci, gaban kowa, "Tsoho, nan ba Nima ba ne, ku mutanen Zongo kun ɗauka bindiga ta tsoratar da mutane ce." Wasu suka yi dariya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gadin garin nan, shi ake gaya wa haka, gaban 'yarsa. Baba ya gyara hularsa ya fita, na bi shi.

A gida ya ce in dai shi ya haife ni kar in sake taka wurin. Na ce Baba kai ma fa ka yi kuskure, ka juya bindiga kan mutane. Nan ya hau ni da faɗa, wai yau ni zan koya masa bindiga, shi da ya riƙe ta gaske ba ta wasan yara ba. Tun ranar in na gaishe shi da kai yake amsawa, waakye, wato shinkafa da wake, da nake kawo masa da safe ma ya daina ci. Mma, mahaifiyata, ta ce in bar abin kawai a zauna lafiya, kamar wata da watanni da na yi ina wahala ba komai ba ne.

Na kira koci na ce ya ci mutuncin babana da unguwarmu, ya kamata ya ba shi haƙuri. Ya ce shi ran mutane ya kare, maganar Zongo kuma wasa ne, in zan zo in zo, amma Baba ba zai sake shiga ba. Kuma ban san wani wurin da ake koyar da wannan wasa kusa da mu ba.

To ku gaya mini, in koma in tsaya gaban mutumin da ya raina mu ina ce masa yes sa, Baba yana fushi da ni? Ko in haƙura da abin da nake so saboda laifin da maza biyu suka yi, ba ni na yi ba? Akwai wanda ya san yadda ake sa tsohon ɗan sanda ya yarda ya yi kuskure ba tare da ya tsine wa 'yarsa ba? Masu shirin cewa mace ba ta da aiki da bindiga, don Allah ku wuce, ba shi na tambaya ba.