Ni na fenta masa sojojin Italiya, ya gaya wa duniya a shara na zuba su

Assalamu alaikum admin da ƴan gida baki ɗaya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma admin a sakaya sunana, don mu Hausawan Jidda kusan duk mun san juna. Raina a ɓace yake sosai, in kun ga na yi ta zuba ku yi haƙuri.

Ni ƴar Katsina ce, aure ya kawo ni Jidda, muna zaune a unguwar Sa'alaba da yaranmu biyu. Maigidana haifaffen nan ne, a Mahjar ya tashi, direba ne a wani kamfanin rarraba kayan abinci. Ni kuma lalle nake yi wa amare, har gida ake kirana. Da ni da yaran duk a ƙarƙashin iƙamarsa muke, wato takardar izinin zamansa a ƙasar.

Akwai wani wasa da yake yi da abokansa a wani shago a Sharafiyya. Ƴan sojoji ne na roba, ɗaya bai wuce gaɓar ƙaramin yatsa ba, sai a jera su a kan babban tebur da aka yi wa tuddai da ƴan gidaje, ana jefa dayis irin na ludo ana auna tazara da tef, wai ana maimaita yaƙin duniya na biyu. Kowa da rundunarsa. Tasa ta Italiya ce, waɗanda suka yi yaƙi a saharar Libiya, ya ce kowa Jamus da Ingila yake rububi shi ya sa ya ɗauki waɗanda ba mai so. Sojojin nan launin toka suke zuwa, mutum ne zai zauna ya yi musu fenti da kansa. To shi wallahi ba shi da hannu. Fuskar soja sai ya mayar da ita kamar an ɗiga miyar taushe, fenti ya cike ido ya cike baki. Wata rana na tarar da shi yana ta tsaki, na ce kawo in gwada, ai ni kullum da siririn zane nake kwana nake tashi. Na yi masa guda ɗaya. Ya daɗe yana juya shi a hannu, ya ce wallahi ko a shagon ba mai yin irin wannan.

Daga nan aiki ya dawo kaina, kuma ba zan yi ƙarya ba, na so abin. Ya nuno min hotunan kakinsu, na koyi haɗa launin ruwan ƙasa mai hasken rairayi, na koyi tsinka fenti mai duhu ya kwanta a lungun riga ya fito da inuwa. Akwai wasu masu gashin baƙin zakara a gefen hular kwano, waɗannan sai na bi gashin da ɗan kore-kore don ya yi sheƙi kamar na zakaran gaske. Ƴan tankokinsu da yake kira gwangwanin sardin na yi musu tsatsa da ƙura. Rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ma ni na ɗebo a bakin teku, na tankaɗe da matacin shayi na manna da gam. Shekaru ina wannan, har sai da likita ya ba ni gilashi.

Tun farko ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa ni ke yi, wai mazan shagon za su sa shi a gaba da tsokana. Na yarda. Mijina ne, in an yabe shi ni aka yaba, haka na ɗauka. Har lokacin da Hajiyarsa ta zo ta gan su ta ce gumaka ne mala'iku ba za su shigo gidan ba, ni na lallashe ta, ni na kwashe su na adana a akwatin kayan aurena har ta huce.

Watan jiya aka kira ni lalle wani gidan Larabawa. Ina cikin zana wa wata, sai ta miƙo min waya da ɗaya hannun, ta ce wannan ba mijinki ba ne? Ashe ƙanwar mai shagon ce. Bidiyo ne a shafin shagon, ga maigidana zaune an jera sojojina a gabansa, ana hira da shi da Larabci. Da farko har murmushi na yi. Sai aka tambaye shi ko iyali na ba shi goyon baya. Ya yi dariya ya ce ina, matarsa daga ƙauye aka kawo ta, ba ta san komai a kan wannan ba, gumaka take ce musu, har ta taɓa kwashe su ta zuba a shara sai da ya bi ya tsince, yanzu a ɓoye yake fentinsa. Duk shagon aka kwashe da dariya. Matar ta dube ni ta ce, "Haram alaiki, ki ji tsoron Allah, mutum da baiwa irin wannan ki riƙa zubar masa da kaya?" Sauran matan suka juyo suna kallona. Wallahi ban san yadda na gama lallen nan ba. Dubban mutane sun kalli bidiyon, a kwament ana ta ba shi haƙuri, wani har cewa ya yi ya canza mata.

Da na koma gida na nuna masa. Ko a jikinsa, wai raha ce kawai don hira ta yi daɗi, wai ai ba wanda ya san ni. Na ce ga shi an san ni, a tsakiyar mata aka tozarta ni ina riƙe da hannun mutane. Na ce in ɓoye ni za ka yi ka ɓoye ni, amma me ya kawo ƙauye, me ya kawo shara, ni da na tare maka faɗan mahaifiyarka? Ya ce ina da girmama ƙaramin abu. Na ce to ya sake wani bidiyon ya janye maganar. Nan ne ya fito da abin da ya ɓoye min.

Ashe mai shagon ya ba shi aiki. Zai riƙa fenta wa kwastomomi rundunoninsu, kuma duk ƙarshen mako ya zauna a shagon ya koya wa sababbi a gaban jama'a. Ya amsa, ya je ya gaya wa tsohon kafilinsa, wato mai kamfanin da ya tsaya masa a iƙama, an sallame shi, an fara maganar mayar da kafalarsa shagon. Duk wannan bai shawarce ni ba, ni da hannuna aka ɗauka aiki. Tsarinsa wai ya riƙa kawo aikin gida ina yi, kafin a fara ajin kuma in koya masa abin da zai rufa wa kansa asiri. Da na ce ba zan yi ba, sai ya ce, "To halas, shi ke nan, in aikin nan ya lalace iƙamata ta faɗi, ki san da taki da ta yara za su faɗi." Wato ya haƙa ramin ya jefa mu ciki, sannan ya miƙo min buroshi.

Don kada a ce ban gwada ba, na danne zuciyata na zaunar da shi na ba shi soja ɗaya. Ga shi da gaggawa, ko jira fentin farko ya bushe ba ya iyawa. Na gyara masa riƙon buroshi ya ce kada in yi masa kamar ɗan makaranta. Na tashi na bar masa wurin. Tun ranar ban taɓa fenti ba. Ga kwalin sojojin wani kwastoma nan a kan tebur ya kawo, kullum in ya wuce sai ya tura shi gabana kaɗan. Ya kuma kai ƙarata wurin Hajiya cewa ya samu aiki mai kyau na ƙi taimaka masa, bai faɗa mata wane irin taimako ba. Ta kira ni ta yi min faɗa, na buɗe baki in faɗa mata gaskiya na tuna in ta ji gumakan nan ne sana'ar, wata wutar ce.

Abin da ya fi ci min rai, har yau bai ce min yi haƙuri ba. Da ya zo ya ce na yi kuskure ki rufa min asiri, wataƙila da tuni na sauko. Shi gani yake dole ce za ta sa in yi, kuma ina tsoron gaskiyarsa ce, don ba zan so a tattara ƴaƴana daga makarantarsu a kan zuciyata ba. Amma in na yi shiru na karɓa, haka zan ƙare, idona na mutuwa a ɗaki, shi yana waje ana tafa masa ana zagina.

Yanzu ga inda nake. Ƙanwar mai shagon ta sake kirana, bikin ƴar yayan nata ne ranar Alhamis, a gidan mai shagon za a yi lallen, matarsa da mahaifiyarsa duk ni zan yi wa. Na san sai an tayar da maganar bidiyon nan, don ta riga ta ce min za su yi min nasiha. Ina da hotunan kowane soja tun yana toka har na gama shi, da hannuna mai lalle a ciki. In na nuna, na wanke kaina, amma ƙila na rushe aikin da zamanmu a ƙasar nan ya rataya a kansa. In na ƙi zuwa, na tabbatar musu da abin da ya faɗa. In kuma na je na yi shiru, sai in zauna ina zana musu fure suna koya min yadda ake daraja miji.

Ƴan uwa mata, musamman ku da kuka san zaman iƙama, da ku maza masu tsoron Allah, me zan yi? In an tambaye ni ranar Alhamis me ya sa na zuba sojojin mijina a shara, me zan ce musu?