Ƙwaryar Dije

Litinin, 20 ga Nuwamba
An gama yankan dawa a gonarmu ta Badafi. Dije matar Idi ta sauko daga ruga da ƙwaryar nono, kamar yadda take yi duk shekara tun maigidana Malam yana da rai. In na mayar mata da ƙwaryar da hatsi a ciki, shanunsu su shigo su ci kara su bar mana taki. In ta koma wayam, an hana ke nan. Na ce ta bari zan aiko. Ban manta da waken bara ba. Saura kwana uku a yi roro shanun suka faɗa, rabi ya tafi.

Laraba, 22 ga Nuwamba
Muhsina ta dawo daga makaranta da sabuwar fitina. Muhawara za su yi a Kiru: me ke sa ƙasa ta yi girma, ra'ayin riƙau ko sassaucin ra'ayi? Ƙuri'a ta ba ta sassauci. Na ce sassaucin nan shi ya lalata 'ya'yan mutane, ta je a canza mata. Wai, "Umma, ba a canzawa, kuma ba cire hijabi ake nufi ba." Mu ma mun yi sakandare, ba a koya mana mayar wa iyaye magana ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba
Nono ya ƙare. An wanke ƙwaryar, tana kan randa. Duk inda na juya sai na gan ta.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Labaran, ƙanin Malam, ya zo daga Kwanar Dangora. So yake a zagaye gonar da waya, karan a sayar wa masu turkar dabbobi. Ya ji Muhsina tana gwaji a tsakar gida, ya ce shi cikakken ɗan ra'ayin riƙau ne, kuma duk ƙasar da ta ci gaba kowa ya killace nasa. Na ce haka ne, inda ba doka ba girma. Sai yarinyar nan, kai a sunkuye dai, ta ce, "Baffa, riƙau ai riƙe abin da aka tarar ne. Shinge kuka tarar?" Labaran ya kwashe da dariya, wai a kai ta majalisa. Ni ban yi dariya ba. Na sa ta ba shi haƙuri.

Lahadi, 26 ga Nuwamba
Na share ɗaki sau biyu. Rashin kunya ce, babu shakka. Amma ni me na tarar? Da na haifi Muhsina, man shanun da na ci a jego Dije ce ta kawo, ba wanda ya roƙe ta.

Talata, 28 ga Nuwamba
Na haɗu da Dije a gidan barka. Gaisuwa har da ta kaji, ba ta tayar da maganar ba. Sai da za mu rabu ta ce, "Hajiya, Idi ya ce in babu hali, Asabar za mu yi Doguwa." Ta ba da haƙuri kan waken, karo na uku.

Alhamis, 30 ga Nuwamba
Muhsina ta zo ta biyu. Ashe ƙwaryar nan ta kai musu misali, wai girman ƙasa shi ne manomi ya bar wa baƙo ƙofa. Ɗaya ɓangaren suka ce ai wannan hujjarsu ce, al'adar kakanni ce. Aka tashi kowa yana cewa ƙwaryar tasa ce. Na yi mata faɗa sosai kan kai maganar gida waje. Ta biyu dai, cikin makarantu tara.

Juma'a, 1 ga Disamba
Na zuba dawa, na rufe da faifai, na ba Muhsina ta kai ruga. Na ce ta gaya wa Idi, baɗi ko kofato ɗaya ya taka gonar kafin roro, to shi ke nan. Ra'ayina yana nan yadda yake. Gonar ce ke son taki, kuma ba a riƙe ƙwaryar mutane haka. Labaran zai yi surutu, ya yi.

Da alama hannuna ya ɗan zarce wajen zubawa. Sai da ta tallafe ta da hannu biyu.